Wa Ke Tsara Abin da Majalisar Tarayya Za Ta Tattauna a Kowace Rana?

Wani mai karatu ya aiko da tambaya yana cewa ɗan majalisar da ke wakiltar mazaɓarsu a Abuja ya gabatar da ƙudirin dokar kafa kwalejin aikin gona ta tarayya a yankinsu, an yi wa ƙudirin karatu na ɗaya kusan shekara biyu da suka wuce, kuma tun daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba, alhali ƙudirin maido da tsohon taken ƙasa ya zama doka cikin 'yan kwanaki. Yana so ya san wanda yake tsara abin da za a tattauna a zauren majalisa kowace rana, da kuma dalilin da ya sa wani ƙudiri yake gudu wani kuma yake kwana a hanya.

Malam, amsar a taƙaice ita ce shugabannin kowane zaure ne suke riƙe da lokacin zauren, ta hannun wani kwamiti da kuma wata takarda da ake bugawa domin kowace ranar zama. Amma kafin a kai ga wannan takarda, ya kamata a fara da iyakokin da kundin tsarin mulki na 1999 ya shata, domin a cikinsu ne komai yake gudana.

Sashe na 60 ya ba Majalisar Dattawa da Majalisar Wakilai ikon tsara yadda kowacce za ta tafiyar da aikinta, har da lokacin kiran zama da na tafiya hutu, kuma daga nan ne kowane zaure ya samo littafin ƙa'idojin zamansa. Sashe na 63 ya ce kowane zaure zai zauna na tsawon kwanakin da ba su gaza 181 ba a shekara. Sashe na 54 ya ce ba a yanke hukunci sai kashi ɗaya bisa uku na mambobi suna wurin, wato sanatoci 37 daga cikin 109, ko wakilai 120 daga cikin 360. Sashe na 64 kuma ya ƙayyade rayuwar kowace majalisa da shekara huɗu daga ranar zamanta na farko; ta goma, wadda Sanata Godswill Akpabio da Kakaki Tajuddin Abbas suke jagoranta, ta fara ne ranar 13 ga Yunin 2023. Duk ƙudirin da bai kammala tafiyarsa ba kafin wa'adin ya cika, to ya faɗi tare da majalisar da aka kawo shi a cikinta.

A al'adance ranakun Talata da Laraba da Alhamis ne ake zaman zaure, a bar Litinin da Juma'a domin aikin kwamitoci da komawa mazaɓu. Duk wanda ya yi lissafi zai ga cewa kwana uku a mako, ko da ba a je hutu ko sau ɗaya ba, kwana 156 ne kawai a shekara, ga kuma dogon hutun shekara da yakan fara a ƙarshen Yuli ya kai Satumba, ga hutun Sallah ƙarama da babba, da na Kirsimeti da na Ista. Masu kare majalisa sukan ce ranakun aikin kwamitoci da ziyarar sa ido a ma'aikatu suna cikin lissafin kwana 181 ɗin, masu suka kuma suna ganin kundin yana nufin zaman zaure ne. Ko wane ɓangare mutum ya bi, abin da ya shafi tambayarka shi ne sa'o'in da zauren yake da su a shekara kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da ɗaruruwan ƙudirorin da mambobi suke shigarwa, saboda haka dole a samu mai zaɓen wanda zai shiga da wanda zai jira.

Wannan aiki yana hannun Kwamitin Ƙa'idoji da Tsara Ayyukan Majalisa, wanda kowane zaure yake da nasa. Ɗan majalisa yakan miƙa ƙudirinsa ta ofishin shugaban zauren, a tura wa wannan kwamiti ya duba ko rubutun ya cika sharuɗɗa, a buga shi a jaridar gwamnati, a ba shi lamba, sannan a jira ranar da za a sa shi a takardar jadawalin zama. Takardar nan ita ce ajandar ranar, tana ɗauke da jerin ƙudirorin da za a gabatar, da rahotannin kwamitoci da za a ajiye, da waɗanda za a yi muhawara a kansu, kowanne da sunan mai kawo shi. Abin da ba ya cikinta ba ya shiga zauren sai da izini na musamman. A rubuce kwamitin ne yake tsarawa, amma shugaban kwamitin ba ya aiki shi kaɗai, domin shugabannin zauren ne suke da babban hannu a naɗa shi, kuma shugaban zauren da Shugaban Masu Rinjaye da sauran manyan jami'ai sukan gana kafin a fito su daidaita abin da za a ɗauka da abin da za a jingine. Sau da yawa jinkirin da ake gani wajen fara zama daga irin wannan ganawa yake tasowa.

Yana da kyau mai tambaya ya san yadda ranar zama take tafiya, domin a nan ne ake ganin inda lokacin yake zurarewa. Da hantsi, wajen ƙarfe 11, dogarin majalisa yakan shigo ɗauke da sandar majalisa a kafaɗa, shugaban zauren da manyan jami'ai suna biye da shi, mambobi su miƙe tsaye, a ɗora sandar a kan teburin da ke gaban kujerar shugaba. Muddin sandar ba ta wurin, ba a ɗaukar zaman a matsayin halastacce, shi ya sa da wasu mutane suka kutsa zauren Majalisar Dattawa ranar 18 ga Afrilun 2018 suka gudu da ita, lokacin Sanata Ike Ekweremadu yana jagorantar zama, sai da aka kawo wata sandar kafin a ci gaba. Bayan addu'a, ana amincewa da rubutaccen bayanin abin da aka zartar a zaman da ya gabata, a rantsar da sabon mamba idan akwai, shugaba ya karanta wasiƙun Shugaban Ƙasa da saƙonnin ɗaya zauren da sauran sanarwa, har da takardun masu sauya sheƙa daga wata jam'iyya zuwa wata. Daga nan sai ƙorafe-ƙorafen jama'a, waɗanda mambobi suke gabatarwa a madadin mutanen mazaɓunsu, a ajiye su a tebur a miƙa wa kwamitin da ke kula da su ba tare da muhawara ba.

Sai kuma a zo kan batutuwan gaggawa da suka shafi al'umma, kuma a ganina wannan shi ne gurbin da ya fi kowane cinye ranar. Idan 'yan bindiga sun kai hari wani ƙauye, ko ambaliya ta ci gari, ko kwalekwale ya kife da fasinjoji, ɗan majalisar yankin yakan sanar da shugaban zauren tun kafin a shigo, idan an ba shi dama ya miƙe ya karanta bayaninsa da buƙatunsa. Ƙa'ida ta tanadi a ɗage irin wannan batu zuwa zama na gaba, amma kusan kullum sai a nemi a jingine ƙa'idar a tattauna nan take, kuma da wuya a samu mai ƙin amincewa alhali ana maganar rayukan mutane. Babu mai hankalin da zai ce kada wakili ya kai kukan mutanensa. Sai dai matsayar da ake cimma a ƙarshe, irin su kira ga hukumar ba da agajin gaggawa ta kai ɗauki ko kira ga sojoji su ƙara tura dakaru, shawara ce wadda ba ta ɗaure ɓangaren zartarwa kamar yadda doka take ɗaurewa. Idan aka ɗauki irin waɗannan batutuwa uku ko huɗu a jere, kowanne da masu tofa albarkacin bakinsu da tsayuwar minti ɗaya domin mamata, sai a tarar rana ta yi nisa, kujeru sun fara zama wayam, alhali ba a taɓa ƙudirorin doka ba. Abin da ya rage a takardar sai Shugaban Masu Rinjaye ya nemi a ɗage shi zuwa wata ranar zama, kuma wata ranar nan ba a cika faɗin wacce ba ce.

Karatu na ɗaya, wanda ƙudirin ɗan majalisarku ya samu, ba ya ɗaukar ko minti ɗaya. Akawun majalisa yana karanta taken ƙudirin ne kawai, shugaba ya buga guduma, a wuce na gaba, kuma akan karanta gommai a zama ɗaya. Babu muhawara, babu ƙuri'a, babu wani alƙawari cewa za a dawo kansa. Ƙofar gaske ita ce karatu na biyu, inda mai ƙudirin zai jagoranci muhawara a kan manufarsa da amfaninsa, kuma idan ƙudirin zai jawo wa gwamnati kashe kuɗi, kamar kafa sabuwar makaranta, ana buƙatar ya haɗa da bayanin abin da zai ci. Samun gurbi a takardar jadawali domin karatu na biyu shi ne inda ƙudirori da dama suke maƙalewa. Lamarin ya yi kama da layin injin niƙa, inda kowa ya ajiye kwaryarsa amma mai injin ne yake nuna wadda za a zuba. Mamban da yake bibiya, yake zuwa ofishin kwamitin, yake da kyakkyawar alaƙa da shugabanni, ya fi samun gurbi a kan wanda ya shigar da takarda ya koma gida ya buga hotonta a Facebook. Akwai ma lokutan da ake sa ƙudiri a jadawali, a kira mai shi a tarar ba ya zauren, sai a tsallake shi, kuma komawa layi bayan haka ba ƙaramin aiki ba ne.

Idan ƙudiri ya tsallake karatu na biyu, ana miƙa shi ga kwamitin da abin ya shafa, galibi da wa'adin 'yan makonni, domin ya saurari ra'ayin jama'a ya kawo rahoto. A nan ma akwai wani jiran, domin zaman jin ra'ayin jama'a yana bukatar kuɗi da ɗaki da sanarwa a jaridu, kuma wa'adin yakan wuce ba tare da an tuhumi kowa ba. Rahoton idan ya zo sai a ajiye shi, a sake neman wata ranar da zauren gaba ɗaya zai rikiɗe ya zama kwamiti ya bi ƙudirin sashe bayan sashe. A Majalisar Wakilai Mataimakin Kakaki ne yake jagorantar wannan zama. Wanda ya taɓa kallon wannan mataki ya san yadda yake gudu: mai jagoranta yana kiran lambar sashe, 'yan muryoyi su amsa, guduma ta sauka, ya kira na gaba, har a share sassa masu yawa cikin ɗan lokaci, sau da yawa a ƙarshen rana lokacin da zauren ya rage mutane. Abin yana damuna matuƙa, domin kalmomin da alƙali zai yi hukunci da su gobe a wannan mataki ake tabbatar da su, amma shi ne yake samun mafi ƙarancin lokaci da mafi ƙarancin idanu. Bayan karatu na uku sai a aika wa ɗaya zauren, inda ƙudirin zai sake neman gurbi a wata takardar jadawalin, idan kuma an samu saɓani a kafa kwamitin haɗin gwiwa ya daidaita, sannan Akawun Majalisar Tarayya ya aika wa Shugaban Ƙasa, wanda sashe na 58 ya ba shi kwana 30 ya rattaba hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, kashi biyu bisa uku na kowane zaure suna iya zartar da dokar ba tare da shi ba, kamar yadda aka yi wa Shugaba Obasanjo a shekarar 2000 kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Dalta.

Duk waɗannan matakai ana iya naɗe su cikin yini ɗaya idan shugabanni sun so, ta hanyar neman a jingine ƙa'idojin da suka hana yin karatu biyu ko uku a zama guda. Haka aka yi da taken ƙasa: Majalisar Wakilai ta yi masa karatu uku ranar 23 ga Mayun 2024, Majalisar Dattawa ta zartar ranar 28, Shugaba Tinubu ya sa hannu ranar 29. Haka kuma ƙudirin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ya wuce zaurukan biyu ranar 23 ga Yulin 2024. A ɗaya gefen kuma, ƙudirin gyaran harkar man fetur da aka fara kai wa majalisa a 2008 ya ga majalisu da dama sun zo sun wuce kafin Shugaba Buhari ya sa masa hannu ranar 16 ga Agustan 2021. Hanyar zartar da doka ɗaya ce a duk waɗannan lokuta. Abin da ya bambanta shi ne ko fadar Shugaban Ƙasa da shugabannin majalisa sun haɗu a kan buƙatar ko ba su haɗu ba.

Jinkiri ma wani lokaci dabara ce, kuma ba kullum ba ne yake zama sharri. Ƙudirori huɗu na gyaran haraji da aka aika wa majalisa a Oktoban 2024 sun gamu da adawar gwamnonin Arewa, musamman kan tsarin rabon harajin kayayyaki. Majalisar Dattawa ta yi musu karatu na biyu a ƙarshen Nuwamba, amma Majalisar Wakilai, wadda ta riga ta sa ranar muhawara a farkon Disamba, ta ɗage ta ba tare da sa wata ranar ba, har sai Fabrairun 2025 bayan an tattauna da gwamnoni an yi sassauci, kuma a ranar 26 ga Yunin 2025 aka sa musu hannu. Da an kai su zaure a ranar da aka fara sawa, da wuya su tsira. Cire abu daga jadawali a nan ya ba da damar a saurari waɗanda suke da ƙorafi, ko da yake irin wannan ikon ne dai ake amfani da shi a binne ƙudirin da shugabanni ba sa so ba tare da kowa ya kaɗa ƙuri'ar ƙin sa a bainar jama'a ba.

Akwai 'yan abubuwan da kundin tsarin mulki ya sa wa agogo, waɗanda dole jadawali ya ba su hanya. Idan Shugaban Ƙasa ya aika sunayen ministoci kuma Majalisar Dattawa ba ta ba da amsa ba cikin kwanakin aiki 21, sashe na 147 ya ce a ɗauka an naɗa su. Dokar ta-ɓaci tana faɗuwa idan ba a amince da ita da kashi biyu bisa uku na dukkan mambobin kowane zaure ba cikin kwana biyu idan majalisa tana zama, ko kwana goma idan tana hutu, kamar yadda sashe na 305 ya tanada. Shi ya sa da aka ayyana ta a jihar Ribas ranar 18 ga Maris na 2025, zaurukan biyu suka amince ranar 20, sai dai da ƙuri'ar murya suka yi, abin da ya jawo tambaya mai nauyi a kan yadda kunne zai iya tantance kashi biyu bisa uku. Ana iya ƙirga mutane idan an so: ranar 15 ga Yulin 2021, da Sanata Enyinnaya Abaribe ya nemi a rarrabe ƙuri'a kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura, an kira sanatoci ɗaya bayan ɗaya da sunansu, aka samu 52 a gefe ɗaya, 28 a ɗaya gefen, kuma kowane ɗan ƙasa ya san inda sanatansa ya tsaya.

Kasafin kuɗi kuwa shi ne babban mai ture kowa daga layi. Da zarar Shugaban Ƙasa ya gabatar da shi a zaman haɗin gwiwa kuma ya tsallake karatu na biyu, akan dakatar da zaman zaure na makonni domin ma'aikatu su je gaban kwamitoci su kare abin da suka nema. Kundin bai sa ranar da dole a kawo kasafin ba, ya ce dai a kawo shi cikin shekarar kuɗin da ake ciki, saboda haka tsawon wannan lokaci ya danganta da zaman lafiyar ɓangarorin biyu. Kasafin 2018 an gabatar da shi a Nuwamban 2017 amma bai samu sa hannu ba sai 20 ga Yunin 2018, lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin fadar da majalisar Sanata Bukola Saraki, shi kuwa na 2020 an kawo shi ranar 8 ga Oktoban 2019 aka sa masa hannu ranar 17 ga Disamba.

Majalisar Wakilan Birtaniya, wadda muka gaji yawancin waɗannan al'adu daga gare ta, ita ma gwamnati ce take riƙe da mafi yawan lokacinta, amma ta keɓe wasu ranaku da ba a taɓawa. Kowace Alhamis jagoran majalisar yana sanar da aikin mako mai zuwa a gaban kowa kuma a yi masa tambayoyi a kai, 'yan adawa suna da kwana 20 a kowane zango da su ne suke zaɓen abin da za a tattauna, akwai Juma'a 13 domin ƙudirorin ɗaiɗaikun mambobi, sannan tun 2010 akwai kwamitin mambobin da ba su riƙe da muƙami wanda yake raba wasu kwanakin. Tsarinmu na shugaba mai cikakken iko ne, ministoci ba sa zama a zaure, don haka ba komai nasu ne zai dace da mu ba. Amma ina da yaƙinin cewa sanar da jadawalin mako tun da wuri a inda kowa zai gani, da keɓe ranakun da ƙudirorin mambobi za su bi layi bisa tsarin da aka sani, da iyakance yawan batutuwan gaggawa a zama ɗaya, abubuwa ne da zaurukan biyu za su iya yi da gyaran ƙa'idojinsu kawai, ba tare da an taɓa kundin tsarin mulki ba.

Game da kwalejinku, ka nemi ofishin mazaɓar ɗan majalisar ya ba ka lambar ƙudirin, wadda take farawa da HB idan na Majalisar Wakilai ne ko SB idan na Dattawa ne, sannan ka tambaya ko ya rubuta wa Kwamitin Ƙa'idoji yana neman a sa shi karatu na biyu, ko ya haɗa bayanin kuɗin da kwalejin za ta ci, da kuma ko akwai sanatan da ya yarda zai ɗauke shi a ɗaya zauren. Ka kuma sani cewa ƙudirorin kafa sababbin makarantun tarayya suna da yawa ƙwarai, kuma ko sun wuce majalisa sukan tsaya a teburin Shugaban Ƙasa saboda batun kuɗi, don haka neman goyon bayan ma'aikatar da abin ya shafa tun yanzu yana da muhimmanci. Wa'adin majalisa ta goma zai cika a Yunin 2027, kuma watannin ƙarshe na kowace majalisa zaɓen fitar da gwani da yaƙin neman zaɓe suke cinyewa. Idan ƙudirin bai tsallake karatu na biyu ya isa kwamiti kafin wannan lokaci ba, sai dai wanda kuka zaɓa a majalisa ta gaba ya sake shigar da shi daga farko.